Mariƙin Ƙofa

Likitar ta kwance abin awon jini daga damtsen Malam. "Jininka ya fi nawa kyau. Yaushe abin yake zuwa?"

"Sati uku ke nan, in na kama mariƙin ƙofar ɗakina. Zirr, daga yatsa har gwiwar hannu." Ya kalli bango. "Marigayiya matata ma da yatsu ta fara, kafin ɓarin jikinta ya shanye."

Sati uku ya yi yana ɓoye wa 'yarsa, wadda ke zaune a gefe tana murza bakin mayafi. Har littattafansa ya rarraba a kwalaye, kowanne da takardar sunan magaji, duk da ya san babu mai buɗe su.

"Sati uku," in ji likitar. "Me ya shigo gidan sabo?"

"Kafet na saya masa," 'yar ta ce. "Da silifas na roba, da na'urar sanyaya ɗaki."

Likitar ta ajiye biro, dariya na cin ta.

"Malam, ba ka gane ni ba ko? Aji uku, layin baya. Kai ka zo mana da sarƙar wuyan matarka mai ruwan zuma, ka ce ba dutse ba ne, ƙaron bishiya ne ya daskare. Ka goga ta a hannun riga, ta ɗauki gutsattsarin takarda. Ka ce Girkawa na kiran ƙaron nan ilektaron, a nan Turawa suka samo sunan wutar, mu kuma muka lanƙwasa shi ya koma lantarki."

"Na kuma ce wanda ya manta zai sha bulala."

"To, wa ya manta? Kana jan ƙafa a kafet, wutar na taruwa a jikinka, ƙarfen ƙofa na karɓa."

Shekara talatin Malam yana koyar da abu, abin ya biyo shi har gida, bai shaida shi ba. Ya ja numfashi, ya ji ya sauka har ƙasa.

"Baba, yau zan naɗe kafet ɗin nan," in ji 'yar, tana share ido.

"Bar shi. Shi kaɗai ke gaishe ni a gidan."

Da suka koma, ya ɓanɓare takardun sunayen daga kwalayen, ya yayyaga su a kan tebur. Ya ciro sarƙar daga durowa, ya goga ta a hannun riga, ya kara ta a kan gutsattsarin takardun.

Sunan ƙanensa ne ya fara tsalle. Dama shi ya fi kowa gaggawa.