Salular da Ta San Cikin Latifa

A ƙasar Kurfai mace ba ta shelar cikinta, kowa ya san haka. Amma ɓoyon da Latifa take yi ya wuce na kunya. Sau biyu tana samun ciki a gidan Nafi'u a Filinge, sau biyu yana zubewa, kuma kowane karo sai da zancen ya zaga unguwa tukuna. Ita dai ta riƙe a ranta cewa bakin mutane ne. Da na uku ya shiga sai ta ja bakinta ta yi gum, ko mijin ba ta gaya wa ba, balle uwarsa Inna Hajara da suke gida ɗaya. Ta koma saka zumbula-zumbulan hijabai, in amai ya taso ta zaga bayan rumbu.

Kuskurenta ɗaya. Salula guda ce a gidan, babba mai shafawa, Nafi'u kan bar ta idan zai tafi gona. Latifa ta yi boko har kwaleji, don haka wata rana da hantsi ta ɗauka ta rubuta da Faransanci tana tambayar abin da mai ciki za ta ci don kada ya zube. Ta karanta, ta goge, ta sake dubawa ta tabbata ta goge.

Bayan 'yan kwanaki tana wasan lido a salular da Nasiba, ƙanwar mijinta, sai wasan ya tsaya, talla ta rufe fuskar salular gaba ɗaya. Wata mata ce riƙe da tulelen ciki tana murmushi, ga gwangwanin madara a gefe. Latifa ta kai yatsa ga ɗan kuros ɗin rufewa, wanda masu tallan nan suke yi ƙanƙane kamar ƙwayar gero don mugunta, ta kuskure, tallar ta ƙara buɗewa.

"Kai, wanga abu ya ishe mu," in ji Nasiba. "Jiya ma da ni buɗe wurin kiran salla, kunzugun jarirai yag gwada min. Wa ka haihuwa gidanga?"

Ta yi dariya. Latifa ma ta yi.

Daga nan abin ya zama kullum. Sabulun jarirai, gidan sauro na jarirai, maganin ƙarin jini. A lido, a wurin kiran salla, har a wurin duba yanayin ruwan sama da Nafi'u yake buɗewa gaban abokansa. Latifa ta tsorata ƙwarai. Ba ta faɗa wa ɗan Adam ba, ta goge abin da ta rubuta, to wa ya gaya wa wannan abu? Idan salula ta sani, su waye a bayanta da suka sani? Ta daina taɓa ta sai dole, amma duk wanda ya ɗauka sai ta bi fuskarsa da ido. A hankali wani abu ya zauna mata a rai, wanda ko ita ba ta son tunawa: kullum da safe takan leƙa, in ta ga jaririn talla sai hankalinta ya ɗan kwanta, kamar an ce mata nata yana nan.

Ranar kasuwar Baleyara Nafi'u ya tafi da salular. Tayar babur yake nema, ya wuni yana bincike da kwatanta farashi a cikinta. Latifa ba ta san wannan ba, kuma da ta sani ma ba lalle ta haɗa biyun ba.

Washegari ya tafi gona ya bar salular. Latifa ta buɗe lido, talla ta fito: taya. Ta rufe ta buɗe kiran salla: man inji. Ta koma, ta sake komawa. Taya, batir, taya. Ba jariri ko ɗaya.

Ta zauna a bakin gado. Abin da ya san da cikin tun kafin kowa, yau ya daina zancensa. Ta ɗora hannu a mara ta jira. 'Yan kwanakin nan ta fara jin ɗan motsi, amma yau ta kasa tuna ko ta ji tun asuba. Ta danna, ta riƙe numfashi. Shiru. Ta sha ruwa, ta kwanta ta gefe, ta sake jira, ba ta iya bambance motsin ɗa da bugun zuciyarta.

Dole ta je wurin ungozoma a asibiti, yanzu. Amma matar aure ba ta fita ba izini, miji yana gona mai nisa, izinin yana hannun Inna Hajara. Inna kuwa tana tsakar gida tana surfe, ga maƙwabciyarsu Jummai zaune kan wani turmi tana zuba surutu. Jummai ce ta fara kai labarin cikin farko bakin rijiya.

Latifa ta fito ta durƙusa.

"Inna, ina son zuwa likita."

"Mi as same ki? In ciwon kai na, ga magani can ɗakina."

"Ba shi ba ne, Inna."

"To mi na na? Faɗi mana, ɗiyata, Jummai ai ta gida ta."

Latifa ta dubi ƙasa. Wata huɗu tana gadin maganar nan, ta hana mijinta, ta hana uwar da ta haife ta.

"Ciki gare ni," ta ce. "Kuma yau ban ji shi ba."

Inna Hajara ta jingine taɓarya, ba ta tambayi komai ba. Ta shiga ɗaki ta yafo mayafi, ta kama hannunta.

"Tashi mu tai."

Ba su kai bakin hanya ba Latifa ta ji muryar Jummai a bayansu, ta saman darni, tana kiran matar gidan gaba.