Sunan Mai Masauki

Tun kafin masinja ya buɗe ƙofar ofishin baƙi, Kaltume tana zaune a bencin baranda, ta ɗora ƙullin kayanta a cinya. Yau kwana tara ke nan. Zuwaira ta wuce ta gabanta ta ce, "Ina kwana, Iya," kamar yadda za ta gaida kowace tsohuwa, ta shige ciki. Duk ofishin ba wanda ya san tsohuwar nan uwar mijin yayarta ce.

Zuwaira ita kaɗai ce mace a ofishin. A shekarar 1957 ta gama makarantar 'yan mata, ta kama aikin buga tafireta, maza suna leƙe ta taga don su ga mace tana aikin akawu. Ba ta taɓa sunkuyar da kai don su ba. Amma cikin kwanakin nan tara, ko taga ba ta iya kallo, don ta tagar ake hango bencin.

Kaltume daga Damagaram ta zo, ƙasar da Faransawa ke mulki. Ta ce kafin ta mutu sai ta ga Kaduna da idonta: jirgin ƙasa, da fitilar da ba a zuba mata mai, da gidan majalisa mai ƙubba. Ta ga jirgin, ta ga fitilar. Ranar da ta je kallon gidan majalisa ta daɗe a tsaye tana ƙirga tagogi, har wani ɗan sanda ya tambaye ta takarda. Da ya ga rubutun Faransanci sai ya rako ta ofishin baƙi. Nan aka karɓe takardar tafiyarta, aka ce sai an cika mata fom kafin a mayar mata. Ba takarda kuwa, ba tsallaka iyaka.

Malam Ja'afaru, babban akawu, shi ya yi mata tambayoyin. Sunanta, sunan ubanta, garinsu, shekarunta, tsagar da ke fuskarta. Nawa ta shigo da shi, wa ya ba ta, me take sayarwa a gida. Ya sa ta kwance lalitarta ta zazzage a kan tebur, ya sa ta tuɓe awarwaronta ya duba ko azurfa ne.

"Ɗan nan," in ji ta, "kallo na zo, ba neman aure ba. Ko marigayi maigidana bai san abin da ke cikin lalitar nan ba."

"Gwamnati ta fi marigayi son sani, Iya."

Aka yi dariya. Ita ma ta ɗan murmusa, har ta ce masa a gidan wani kafinta ta sauka, a Tudun Wada. Sai ya zo tambaya ta ƙarshe: sunan mai masaukin, da abin da yake a gare ta. Nan bakinta ya rufe.

Kafintan shi ne Labaran, ɗanta na fari. Shekara shida da suka wuce Faransawa suka rubuta sunansa cikin waɗanda za a ɗauka soja. Ya gudu, ya tsallako, ya sami aiki a ma'aikatar ayyuka ta gwamnati a matsayin mutumin Daura, ya auri Rahmatu yayar Zuwaira, sun haifi biyu. Zuwaira ta san inda kowane fom yake zuwa, don ita take buga shi kwafi uku: fari ya shiga kabad, shuɗi ya tafi wurin 'yan sanda, rawaya a aika bakin iyaka. Ranar da aka rubuta cewa kafintan nan ɗan Kaltume ta Damagaram ne, aikinsa ya ƙare, shi kuma a ɗaure za a miƙa shi ga waɗanda ya gudar wa.

Tun daga ranar Kaltume ba ta sake taka Tudun Wada ba, don kada a bi sawunta. A rumfar wata mai tuwo take kwana, bayan tashar mota. Da safe ta zo ta zauna a benci, Malam Ja'afaru ya kira ta ya maimaita tambayar, ta yi shiru, ya ce ta koma ta zauna. Ƙarfe biyu a tashi aiki, ta ɗauki ƙullinta.

A kwana na huɗu Zuwaira ta bi ta har rumfar, ta kai mata fura. Suka zauna bayan tukwane inda hayaƙi ya kare su.

"Inna, sunan kaɗai ba ya cutar da shi. Labaran nawa ne a Kaduna? Dangantakar ce abin tsoro. Ki faɗi sunan, ki ce mai masauki ne kawai, a kasuwa aka nuna miki gidansa. Shi ke nan, su ba ki takardarki."

Kaltume ta daɗe tana juya ludayi a cikin furar.

"Ke 'yar boko ce."

"Na ji. 'Yar boko ce ni. Suna ne fa kawai, Inna."

"Shekara talatin da ɗaya bakin nan bai taɓa kama shi ba. Ranar da aka raɗa masa, fita na yi bayan ɗaki. Ko yana ƙarami zai faɗa wuta, 'kai yaro' nake cewa. Ɗan fari ne. Uwata ba ta faɗi na yayana ba har ta koma ga Allah. Yanzu in tsaya gaban maza in kira shi kamar wani almuru?"

"To ki ƙaga wani suna."

"Ba ke kika ce suna aika masinja ya duba ba?"

Haka ne, ita ta faɗa. Zuwaira ta koma gida Unguwar Rimi tana cin rai. A makaranta an koya mata cewa kowace tambaya tana da amsa, in ka san amsar ka faɗa ka wuce. Ga amsa a tafin hannu, ga tsohuwa ta gwammace benci. Ita kuma ba ta da halin faɗi a madadinta. Doka ta ce daga bakin baƙo za a ji, kuma ranar da ta nuna ta san gidan, ta tona komai da kanta.

Kwanaki suka ja. Zafin bazara ya sauka a kan kwanon baranda, bencin ya zama kamar tanda. Wasu baƙin suka zo suka tafi: wani Balarabe mai sayar da yadi, wasu 'yan ƙasar Gwalkwas biyu da suka zo kallon tseren dawaki, kowa ya zazzage aljihunsa yana gunaguni, ya amsa, ya karɓi hatimi. Kaltume tana nan. Ƙafafunta suka kumbura. In hadari ya taso daga gabas sai ta ɗaga kai ta bi shi da ido, don ta bar irin gero a rumbu kuma ba mai shuka mata. Ba ta roƙi kowa ba. Masinja ya taɓa miƙa mata goro, ta ce ta gode, tana da nata.

Labaran kuwa sau biyu yana cewa zai zo ya miƙa kansa. Rahmatu ta tsaya a bakin ƙofa da goyo ta ce sai dai ya bi ta kanta.

A rana ta tara, wajen ƙarfe sha ɗaya, Malam Ja'afaru ya ce a kira tsohuwar. Zuwaira ta zura fom ɗin a tafireta karo na tara, layukan ƙarshe biyu suna nan fanko. Kaltume ta shigo a hankali, ta tsaya gaban tebur.

"Iya, kin ƙi mu, mun ƙi ki, ga shi mun zama 'yan gida ɗaya. Bature ya tambaye ni jiya, wai wace ce wannan da ta tare mana baranda. Na ce sabuwar mai gadi ce."

Ƙananan akawuna suka yi dariya. Malam Ja'afaru bai yi ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Jiya na zauna na yi tunani. Kin faɗa mini kuɗinki har anini. Kin faɗi sunan ubanki. Ba ki ji kunyar shekarunki ba. Sunan namiji ɗaya ne ya gagare ki. Ni ma uwa ce ta haife ni, kuma ni ne na farinta. Mace ba ta ƙin kiran sunan namiji sai miji ko ɗan fari. Mijinki kin ce ya rasu."

Zuwaira ta ɗora yatsunta a kan maɓallan tafireta.

"Kafintocin Tudun Wada ba su fi ashirin ba," in ji shi. "Gobe in tura ɗan sanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wanda uwarsa ta zo daga Damagaram. Ban so ta kai mu haka ba. Zuwaira, layin dangantaka, rubuta..."

"Labaran."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. Kaltume ba ta kalli kowa ba, bangon bayansa take kallo.

"Me kika ce, Iya?"

"Labaran sunansa." Wannan karon da ƙarfi, har na baranda suka juyo. "Labaran kafinta, mutumin Daura. A kasuwa aka nuna mini gidansa, aka ce matarsa tana saukar da baƙi mata. Mutumin kirki ne, ban so in jawo masa 'yan sanda a kan ya ba ni tabarma. Labaran. Ko in ƙara?"

Malam Ja'afaru ya zuba mata ido. Sannan ya mayar da tabaransa, ya jawo wani fayil da ba shi da alaƙa da maganar ya buɗe.

"Ba uwar da za ta yi wannan," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Zuwaira, rubuta sunan. Dangantaka: babu."

Ta buga. Haruffan suka ratsa fari, suka ratsa shuɗi, suka sauka a kan rawaya. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, don ta san in ta ɓata fom ɗin sai an sake tambayar daga farko. Aka kama babban yatsan Kaltume aka dangwala a tawada, aka danna a kwafi ukun. Masinja ya shiga da su wurin Bature, ya fito da takardar tafiyarta da sabon hatimi a kai: kwana biyu ta bar ƙasa.

Da aka tashi aiki Zuwaira ta same ta a gindin mangwaron da ke bayan ofis, tana goge yatsanta da ƙasa. Tawadar ta ƙi fita.

"Inna, mu je gida. Ko ta bayan layi ne. Ki ga yaran."

"Masinja zai je duba gidan yau ko gobe. Ya tarar da baƙuwa tana wasa da jikoki?"

"To in kawo miki su tasha."

"Babbar tana da baki. Za ta ce kaka." Ta ci gaba da murza yatsan. "Akwai motar Kano da safe. Daga can na san hanya."

Zuwaira ta tsuguna a gabanta, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba a harabar ofishin nan, ko a jikinta wa zai gani. Ta so ta ce mata ta yi haƙuri da maganar da ta yi a rumfa, amma ba ta san ta inda za ta fara ba.

"Sau nawa na faɗa?" in ji Kaltume.

"Ban ƙirga ba, Inna."

"Huɗu. Ni na ƙirga." Ta ɗaure bakin ƙullinta, ta dafa itacen ta miƙe. "Abu ɗaya nake so a wurinki. Kada yaron nan ya ji. Ko yayarki kada ki gaya mata. Ke da kika iya riƙe na gwamnati, riƙe mini wannan."

Ta bi gefen titi ta nufi tasha, tana ɗingisa ƙafar hagu. Zuwaira ba ta raka ta ba, don akawuna suna fitowa da kekunansu.

Bayan la'asar ta je Tudun Wada. Labaran yana tsakar gida yana sassaƙa ƙafar wata 'yar kujera da ya fara yi wa uwarsa tun ranar da ta sauka. Da ya ga Zuwaira ya ajiye abin aikin ya miƙe. Rahmatu ta fito daga madafa hannunta duk gari.

"Sun ba ta," in ji Zuwaira. "Gobe da safe za ta tafi. Ta ce kada kowa ya je tasha. Masinja zai zo nan, ku ce baƙuwa ce aka nuna mata gidan a kasuwa."

Rahmatu ta zauna a bakin turmi ta rufe fuska da gyale.

"To sunana fa?" in ji Labaran. "Ta yaya suka samu? Ita dai na san ba za ta faɗa ba."

Zuwaira ta dube shi ido cikin ido, yadda take duban masu leƙen taga.

"Ni na rubuta," ta ce. "Ba aikina ba ne?"