Tabon Ƙwaurin Baba

Tun da nake ban taɓa ganin tabo ya koma gyambo ba, sai a ƙwaurin babanmu. Tabon ya girme ni. Suna samari ƙaninsa, Baba Sanusi, ya sare shi da fartanya a kan iyakar gona a Mairuwa. Manya suka shiga tsakani, rauni ya warke, aka yi sulhu. Sulhun dai na "ina kwana, lafiya lau" ne, daga nan kowa ya kama gabansa.

A bazarar bana tabon ya tsage da kansa, ba tuntuɓe ba sara. Dasashin Baba ma ya kama zubar jini.

"Asibi, wanda ya sara shi ya buɗe," ya ce mini. "Sammu ne. Gaban mai gari zan kai shi."

Hankalina ya tashi, don in magana ta kai can zumunci ya mutu murus. Amma wata tambaya ta fi cina: in sammun sara ne, me ya kai shi baki? Da kyar da siɗin goshi na ɗora Baba a babur sai wani asibiti a Faskari.

Malamar jinyar, Safara'u, ta duba ƙafa, ta duba baki, ta tambayi abin da yake ci. Ni na amsa. Tun bara wani mai kemis ya ce masa olsa gare shi, ya bar tsami da ɗanyen abu. Baba kuwa in ya riƙe doka ya fi mai kafa ta. Ba mangwaro, ba lemo, ba tumatir, sai kunu da tuwo miyar busasshiyar kuka.

"Baba, kun san ginin ƙasa," in ji ta. "Tubali kaɗai ba ya tsayawa, sai da laka da ciyawa a tsakani. Haka jiki yake. Tsakanin ƙwayoyin halitta akwai wani abu mai yauƙi da ke riƙe ruwa, abinci na ratsawa ta cikinsa. A ciki kuma akwai zaruruwa, wasu masu ƙarfi, wasu masu talewa su dawo."

Ta mintsini bayan hannuna ta saki, fatar ta koma nan take. Baba ya mintsini nasa, ta tsaya cirko-cirko. Ya sake gwadawa, ya manta ma fushi yake yi.

"To, mi ya haɗa wannan da ƙahwata?"

"Tabo kusan duk zaren nan mai ƙarfi ne, kolajin muke ce masa. Kullum jiki na warware tsoho yana saƙa sabo. Saƙar ba ta ƙwari sai da bitamin C, wanda ke cikin abubuwan da kuka daina ci. Shi ya sa haƙora ma suka fara girgiɗi."

"Wato tun can bai warke ba?"

"Ya warke, Baba. Amma ba a taɓa daina gyaransa ba. Da gyara ya tsaya, ya buɗe."

Baba ya sake duba ƙwaurinsa. Ni kuma ina ta taɓa guringuntsin kunnena, ina mamakin aikin da ake yi a jikina ban sani ba. Ta wanke ciwon, ta ba da magani, ta ce a haɗa da mangwaro da tumatir bayan cin abinci.

Muka kama hanyar gida. Da muka kusa gari Baba ya taɓa kafaɗar mai babur ya ce a bi ta bakin ruwa, wajen lambuna. Lambu ɗaya na sani a can, na Baba Sanusi.

Baba Sanusi na ban ruwa, ya gan mu ya saki tiyo. Baba ya sauka yana ɗingishi, ya tattare wando.

"Sanusi, taho ka ga aikinka."

Baba Sanusi ya durƙusa ya kama ƙafar da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla. Ashe bai taɓa ganin tabon kusa ba.

"Yaya, har yanzu?"

"Har yanzu. Likita ta ce mangwaro da tumatir kullum. Kai ka sara, kai za ka ɗinke. Kuma ban yarda ka aiko yaro ba, da ƙahwarka za ka riƙa kawo mani."