Miya a Kwanar Anselmo

Shekara goma sha shida Anselmo Quiroz yana yi wa matarsa Refugio alkawari ɗaya: zai kai ta ta ci abinci a taragon jirgin ƙasan nan mai bene da rufin gilashi. Shi lebura ne na layin dogo a jihar Wyoming, kullum sai dai ya ja gefe da gudumarsa jirgin ya wuce. Da aka ce daga ƙarshen Afrilun 1971 za a daina jan taragon, Refugio ta ce, "Tsoho, alkawarin naka fa ya fara furfura."

Ranar Asabar da hantsi suka shiga jirgin, suka hau matakalar taragon. Kai, sararin sama ta ko'ina! Aka haɗa su tebur da wasu mata biyu 'yan gayu. Mai kai abinci, wani dogon baƙar fata mai suna Lemuel, ya ajiye wa kowa takarda da fensir.

Ashe doka ce, fasinja da hannunsa yake rubuta abin da zai ci. Mai kai abincin da ya karɓa da baki, a bakin aikinsa. Anselmo kuwa ko sunansa bai iya rubutawa ba, matar ma haka. Matan nan tuni sun gama, suna kallonsa. Ya ɗauki fensirin yana ta jujjuya shi. Ya raɗa wa Refugio, "Tashi mu sauka, ba na jin yunwa."

Lemuel ya dubi hannun da ke juya fensir, duk kanta, yatsu a karkace.

"Baba, a wane yankin layin dogo ka yi aiki?"

"Daga Rawlins zuwa Green River. Shekara talatin da huɗu."

Lemuel ya ɗaga murya ya kira shugabansu. "Yallaɓai Dorsey, zo ka ga hannu! Guduma ta cinye shi, ina zai riƙe ɗan tsinken nan? Kai doka ta yarda ka rubuta wa mai ciwo."

Dorsey ya ɗan harare shi, don ba yaro ba ne, ya gane. Amma ya zaro alƙalaminsa ya rusuna. "Me uwargida za ta ci?"

Refugio, ba kunya, ta zaɓi har da kek ɗin tuffa.

Lemuel na hawowa da miya cike da kwano jirgin ya shiga wata doguwar kwana. Anselmo ya leƙa, ya ga inda ya ƙone da rana, inda sanyi ya taɓa fasa masa kunne.

"Nan ni na daidaita ta," in ji shi. Ya kama hannun Lemuel. "Ɗana, ban san yadda zan gode maka ba. Ka rufa mini asiri."

Lemuel ya ajiye kwanon, ko ɗigo bai taɓa gefe ba.

"Baba, bar godiyar nan. Shekara goma sha shida ina hawa matakalar nan da miya mai zafi a daidai kwanar nan, ban taɓa zubar wa kowa a cinya ba. Kullum ina cewa wane ɗan albarka ne ya shimfiɗa ta. Yau na gan shi. Sha miyarka kafin ta huce."