Allon Yankan Burodin Almut

A garin Husum na ƙasar Jamus kowa ya san idan Hinnerk Tamm ya shigo gidanka, to ka sa ido a kan ƙofar kabad ɗinka. Mai zane ne, amma ya fi son ya sassaƙa hoto a jikin katako, ya shafa masa tawada, ya ɗora takarda, ya yi ta gogawa da bayan cokali har hoton ya fito. Bayan yaƙi katako mai kyau ya yi wuya, sai ya koma kan kayan gida. Murfin akwati ya tafi, mazaunin kujera ya bi shi. Matarsa Almut takan ce ita gara ta aura, ba mutum ba.

Abu ɗaya ta hana shi, allon da take yanka burodi a kai. Na itacen tuffa ne, gadon mahaifiyarta. Shekara talatin da ɗaya da aurensu bai taɓa shi ba. Sai da ta tafi Flensburg jinyar ƙanwarta ta yi mako uku. Da ta dawo ta nemi allo ta rasa. Hinnerk ya shiga kame-kame, wai ko ta ba maƙwabciya aro ta manta. Almut ta dubi yatsunsa baƙi ƙirin, ta wuce ɗakin aikinsa.

Takardu talatin ta tarar a kan igiya kamar shanya, kowace da fuskarta, kai a sunkuye tana feraye dankali. Da ka ya zana ta, tana can Flensburg. Ga allon a kan tebur, gefe guda duk sassaƙa. Ta shigo da faɗa fal bakinta, amma ta nemi faɗan ta rasa.

Can ta ce, "Hancina bai kai haka ba."

"Ya kai, tsohuwa. Shekara talatin da ɗaya ina kallonsa."

Herr Paulsen, wato Malam Paulsen, mai shagon hotuna a Hamburg, ya zo ya kwashe duka talatin ɗin. Su masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: idan ka ce talatin ka buga, to talatin ne. Da ka gama bugu sai ka ɗauki wuƙa ka tsaga allon tsaga mai zurfi, ka buga takarda ɗaya shaidar cewa ya lalace, don wanda ya saya ya san ba za a ƙara ba. Hinnerk bai taɓa saɓa wannan ba. Paulsen ya ce zai dawo bayan wata guda ya karɓi shaidar.

Almut ta zuba ido. Kullum da safe Hinnerk zai ɗauki wuƙa, ya tsaya a gaban allon, ya ajiye, ya fita kallon jiragen masunta. Abinci ya daina shiga. Har soyayyen kifin da yake lashe faranti a kansa sai ya ci rabi ya ture. Ran nan ya ce ko ya gaya wa Paulsen allon ya faɗa murhu ne, su ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Almut ta yi dariya, ta tuna masa shi da ko ƙaryar maƙwabciya bai iya ba. Amma a ranta ba dariya take ba. Ta san in aka ji Tamm ya ɓoye allo, lambar adadin bugu da yake rubutawa a ƙasan hotunansa ta tashi daga aiki, kuma abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya. Ta kuma san ba zai iya sa wa fuskarta wuƙa ba.

Sai ta tambaye shi ko ƙa'idar ta faɗi wanda zai yi tsagar, ko ta ce lallai a rana ɗaya. Ya ce a'a, allon dai ya daina ba da hoton farko.

Ta ɗauki allonta. Sau uku ta wanke shi da sabulu da yashi har tawada ta fita. Da yamma ta ajiye shi a kan teburin cin abinci, fuskar tana sama, ta ɗora baƙin burodi mai tauri. Hinnerk ya ce ta juya shi mana, ai ɗayan gefen lafiyarsa lau. Ta danna wuƙa har ta ji ta taɓa katako. Ya runtse ido.

"Buɗe idonka ka miƙo man shanu."

Haka aka yi ta yi har watan ya cika. Burodi safe da yamma, albasa, kabeji, ƙyafaffen kifi. A mako na biyu Hinnerk ya daina runtse ido, ya koma cewa ta yanka masa da kauri.

Ranar da Paulsen ya dawo, Hinnerk ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya goga, ya ɗaga a hankali. Fuskar tana nan, kai a sunkuye. Amma fararen layuka sirara sun ratsa goshi, sun kewaye baki, sun gangara wuya. Almut ta dafa tebur. Mahaifiyarta ce sak, a shekarunta na ƙarshe.

Paulsen ya gyara tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya ce ya gamsu, ba mai haɗa wannan da na farko. Sannan ya yi gyaran murya, ya tambaya ko za a iya buga masa talatin na wannan ɗin ma.

Hinnerk ya dubi matarsa.

"A'a, Herr Paulsen," in ji Almut. "Allon yana da aikin yi."

Da baƙo ya tafi da takardarsa, ta tsaya tana wanke tawada. Hinnerk ya zo ya tsaya a bayanta.

"Ashe haka za ki zama."

"Kana da ja ne, tsoho?"

"Ba ni da shi. Allah dai ya kai ni in gani."

Ta miƙa masa tsumma ya goge allon.