Ruwan da Kulu ta Sauke

Duk Maska babu mai wankan jego irin Kulu. In ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa wa mai jego, sai an jiyo ihu daga maƙwabta, ita kuwa ko a jikinta. Haka ta yi wa babbar 'yarta Fiddausi bara. Fiddausi ba ta kai arba'in ba ta rasu, ƙafafu a kumbure. Likita a Funtua ya ce zuciya ce, ya kawo zancen kanwa da zafin wanka. Kulu ta ce shirme, kwana ne ya ƙare.

To, bana ga autarta Lauratu ta zo gida wanka. Ruwa na ɓararraka, Lauratu ta ce, "Inna, ni fa ba zan yi ba."

"Oho! Boko ya motsa ke nan? Jikinki ya ruɓe a ce ba ki da uwa?"

Lauratu ta jawo waya. "Wata 'yar Malumfashi ce ta rubuta wannan waƙar. Ni da Yaya Fiddausi mun sha karanta ta."

Kulu ta taɓe baki. Ta san waƙoƙin 'yan matan yanzu, su ambaci nono da jini babu ko kunya. Amma Lauratu ta karanta a hankali:

"Jikina ɗaki ne, kowa na da makullinsa ban da ni.
Sun gyara shi, sun turara shi,
Ba wanda ya ce: ina ke miki ciwo?"

"Sake faɗin ta ƙarshen nan," in ji Kulu.

Ta sake.

Wayyo, ashe a nan zancen yake! Fiddausi ta faɗa mata a bayan ɗakin nan, tana dafe da ƙirji: Inna, numfashina. Ita kuma ta ce raki ne, ta ƙaro ruwa. Kulu ta matsa wajen murhu. Ta durƙusa ta janye itacen ɗaya bayan ɗaya, ta sauke tukunyar.

Sannan ta ɗago. "Lauratu, ina ke miki ciwo?"

"Babu ko'ina, Inna. Lafiyata ƙalau."

Sai Kulu ta fashe da kuka, don ba wannan 'yar take son tambaya ba.