Lambar da Ramlat Ta Karanto Mini

...biyu, huɗu, takwas, shida, sai a koma biyu. Haka ƙarshen lamba yake juyawa in ana ninkawa da biyu. Shekara talatin ina rubuta wa yara wannan a allon sakandare — da wannan hannun, da yanzu yake kwance a cinyata kamar na aro.

Ramlat ce ta ɗauko zancen. 'Yata. Ta zo daga jami'a a Kano, tana zaune bakin tabarmata a gindin darbejiya, tana karanto mini daga waya. Wai an gano wata lamba, alƙalumanta sun haura miliyan arba'in da ɗaya, ba abin da ke raba ta sai ɗaya, sai ita kanta.

"Baba, da me kake jin ta ƙare?"

Da murmushi ta faɗa. Irin tambayar da ake wa majinyaci, ba don a ji amsa ba.

Amma na sani. Zan sani... A yi ta ninka biyu sau miliyan ɗari da talatin da shida da ɗoriya, sannan a cire ɗaya. Adadin ninkin ya ƙare da arba'in da ɗaya, na ji ta faɗa. Tunda juyin huɗu-huɗu ne, arba'in da ɗaya a raba huɗu —

Gero ya kai ƙugu ranar da na faɗi a gona. Hauya ta suɓuce, na sunkuya in ɗauka, sai ga fuskata a kan kunyar gero, ƙasa a bakina. Ɓarin jiki ya shanye, in ji likita. Harshe ma? Har harshe.

A raba huɗu...

Ga muryar ƙanena Abdulkabir daga zaure, yana gaya wa matata Hure wai kan Malam ya riga ya tafi, gara a bar masa gonar ya riƙa nomawa. Ko murya ba ya ragewa. Don me zai rage? Hure ba ta musa ba. Wannan ne... ba ta musa ba.

Ramlat tana shekara bakwai na zube mata gyaɗa sha uku, na ce ta kasa daidai. Ta kasa bibbiyu, ta kasa uku-uku, ta fashe da kuka wai an sace mata ɗaya. Na yi dariya har da hawaye.

Saura ɗaya. Arba'in da ɗaya a raba huɗu, saura ɗaya. Ke nan ninkin ya tsaya kan biyu. A cire ɗaya — ɗaya. Da ɗaya ta ƙare. Ban ga lambar ba, ba wanda zai ƙirga ta har ya mutu, amma na riƙe ƙarshenta daga kan tabarmar nan. Ramlatu, ina nan. Ki gaya musu ina nan.

Ɗaya. Leɓe, harshe... ɗa —

"Ru... wa."

Ba shi ba. Ba shi na aika ba.

Ta miƙe da sauri, ta ɗebo a randa, ta tallafo ƙeyata. "Sannu, Baba. Sha a hankali."

Ina sha. Me zan yi? Ina sha...